Kunnen Minzifa

Yayata Minzifa da kunne take dafa shayi. Ni da ido nake yi, in ɗaga murfin samowar, tukunyar tagullar nan mai famfo da bututun garwashi a tsakiya, in leƙa, in na ga ruwa yana birgima in ce ya yi. Ita kuwa ko tana tsakar gida tana shanya, sai ka ga ta tsaya cak da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ta karkata kai kamar kaza, ta ƙwala mini kira: "Nafiga, juye! Juye yanzu kafin ki kashe mini ruwa!" Da za a tara faɗan da muka yi da ita a kan ruwan zafi, da ya isa ya raba gari biyu.

A cewarta, samowar murya uku gare shi. Da garwashin cikinsa ya kama, yakan fara da siririyar waƙa irin ta sauro. A lokacin ruwa bai farka ba, in ka zuba wa ganye sai ganyen ya taso sama da kumfa, ka sha jiƙon ciyawa. Daga nan sai murya ta biyu, shuuu, kamar yayyafi a kan rufi, ruwan ya yi fari fat yana gab da tafasa. Wannan ne lokacin baƙin shayi, kuma ba ya jiran kowa. In ka yi sakaci ya shiga ta uku, gurnani da birgima, ya daɗe a haka, to ruwa ya mutu, sai dai a yi wanke-wanke da shi. Ni dai duk ƙara ɗaya nake ji, kuma na sha gaya mata hakan don in ba ta haushi.

Gidan shayinmu yana kan tudu, inda hanya ke gangarawa kwatar fito ta kogin Agidel. Daga ƙofa ba a hango ruwan, gangaren ya lanƙwasa kuma itatuwa sun tare. Abin da ke gaya mana jirgi ya isa ƙetare shi ne wani guntun ƙarfen dogo da Baba Hismat mai fito ya rataye a bishiya a can gaɓar. In ya ɗaure jirgi sai ya dake shi da guduma, masu jira a wurinmu su san ya kusa juyowa.

Mu uku ne a gidan: ni da na dawo bayan rasuwar mijina, da Minzifa, da mijinta Zufar. Zan faɗa ko da yana ji, ban taɓa ganin rago irin Zufar ba. Shi dai ya jingina da murhu yana ba matafiya labarin dawaki, wai shi masani ne, alhali ko akuya bai mallaka ba. Na sha gaya wa Minzifa matashin kai ta aura mai gashin baki. Sai ta ce, "Naki mai ƙwazon yana kabari, nawa ragon ga shi yana numfashi." Bakinta ba daɗi in ta ga dama.

Shekarar da nake magana, an riga an tumɓuke sarki, duk wanda ya rataya bindiga ya zama hukuma. Ganyen shayi na gaske ya ɓace daga kasuwa, busasshen karas muke jiƙawa da ganyen daji, kuma ko a kan karas ɗin Minzifa ba ta yarda a kashe mata ruwa. A yankinmu mai bindigar da ake tsoro shi ne Safargali. Mun san shi tun yana yaron kanti a wurin wani attajirin shayi a birnin Ufa, yana rako akwatuna ta kwatarmu, ya sha kofi bayan kofi yana rantsuwa daga nan har birni babu hannu irin na Minzifa. Yanzu ya tara ɓatagari a bayansa. Ana gab da fara huɗa suka zo suka kwashe dawakan noman ƙauyenmu kaf, suka tsare su a tsohon gidan niƙa. Ƙauyen da ba doki a wannan lokacin ya san abin da zai ci da hunturu.

Wata safiya ina tankaɗe sai ga Zufar ya faɗo ɗaki, laka har ƙugu, haƙoransa na haɗuwa.

"Na kwance dawakan," ya ce. "Mai gadin ya sha ya yi tilis. Na bi da su ta cikin rafi don kada su bar sawu. Suna kwata."

"Wa ya aike ka?" na ce. "Kai da ko itace ba ka faskarawa!"

"Ba wanda ya aike ni. Leƙawa kawai na je yi. Goɗiyar Baba Hismat ce ta gan ni ta yi haniniya, sai na kasa juyowa."

"Yaya, mijinki ya haukace. Wallahi rataye shi za su yi a ƙofar nan."

Minzifa ta miƙe. Ta ɗauki burodin da na gasa jiya ta cusa masa a ƙirji, ta ja shi suka gangara, na bi su. A makon ne kogi ya fasa ƙanƙarar da ta rufe shi duk hunturu, manyan gutsattsarinta suna gangarowa suna karo da juna, wani ya kai faɗin ɗaki. Baba Hismat ya dubi ruwan, ya dubi goɗiyarsa, ya zagi Zufar ya zagi wanda ya haife shi, sannan ya fara kwance jirgi. A irin wannan ruwa, da dawakai a ciki, fito yakan ci rabin safiya, kuma harsashi yana kai wa mutum har ya kusa can gaɓar.

"Baba," in ji Minzifa, "in kun taka tudu, daki ƙarfen nan da ƙarfi in ji. Kada ka manta."

"In mun taka, 'yata. In."

Ba mu daɗe da hawowa ba muka ji kofatai. Karenmu ne ya fara tarbar su, suka harbe shi a bakin ƙofa. Wani ƙato mai suna Yarulla, na hannun daman Safargali, ya doki ƙofar da ƙafa har ta ɓalle, alhali ba a kulle take ba. Sai ga shi kansa Safargali ya shigo a natse, cikin rigar gashi ta wani bawan Allah, ya cire safar hannu, ya yi sallama kamar ya zo gaisuwar salla.

"Yaya Minzifa, an daɗe ba a haɗu ba. Ina mijin naki?"

"Ina zan sani? Nemi inda ake hira ba aiki, can za ka same shi."

Ya yi dariya, ya ja benci ya zauna. "Har yanzu bakin nan yana nan. To, mai hankali ba ya shiga kogi yau, mijinki kuma matsoraci ne, don haka yana cikin harawar wani yana rawar jiki, dawakaina suna wani kwari." Ya juya ga mutanensa. "Ku juye ƙauyen nan gida-gida. Yarulla, kai tsaya. Ni zan sha shayi. In na kife kofina sai mu gangara kwata mu duba bakin ruwa."

Da ya gangara zai ga jirgin a tsakiyar ruwa, ba abin da ya tare shi. Amma a wurinmu wanda ya zauna shan shayi ba ya tashi sai ya kife kofinsa a kan ƙaramin farantinsa, wannan ko ɓarawo yana kiyayewa. Na dubi Minzifa, na ga ita ma kofin take kallo.

Safargali ya zaro wani gwangwani mai zanen fure daga ƙirjinsa ya buɗe. Ƙamshin ya cika ɗakin. Baƙin shayi ne na gaske, irin wanda muka manta kamanninsa. Na ga hancin Minzifa ya motsa ba da saninta ba.

"Ragowar ke nan," ya ce, yana karkata gwangwanin mu gani. Abin da ke ciki bai cika tafin hannu ba. "Na hana kaina shi tun kaka, don yarana ba wanda ya iya ruwa, jakuna ne. Na ce sai na zo wurinki." Ya ɗiba kaɗan ya zuba a butar tangaran. "Yi mini irin na da."

A zaure muke hura samowar saboda hayaƙi. Na cika shi da ruwa, Minzifa ta zuba gawayi a bututunsa, ta kifa tsohon takalmin Zufar mai dogon wuya a bakin bututun tana dannawa don iska ta shiga. Ita da take yin wannan kamar walƙiya, ranar dannawa take kamar mai ciwon baya.

"Kome ya faru, kada ki tsoma baki," ta ce mini ƙasa-ƙasa.

"Me za ki yi?"

"Shayi."

Da ƙyar wuta ta kama. Samowar ya fara siririyar waƙarsa, ko ni na san da sauran lokaci. Sai na ga ta kawo butar ta murɗa famfo. Saura kaɗan in yi ihu. Ruwa mai ɗumi ta zuba wa ganyen da ya fi zinariya tsada, ta rufe, ta tsaya jira har abin ya ishe ni, sannan ta kai masa da hannu biyu.

Ya ɗaga murfin butar. Ganyen yana iyo a sama cikin farin kumfa. Ya tsiyaya a faranti, ya kurɓa, ya tofar a ƙasa. Ya miƙe kamar zai yi miƙa, sai ji na yi tas! Da faɗin hannu ya same ta a kunnen hagu. Ɗankwalinta ya tashi, ta yi baya ta bugi murhu, butar ta tuntsure ganyen ya watse a tebur.

"Ni za ki ba ruwan wankin jariri?"

Na yunƙura, Yarulla ya tokare ni da bakin bindiga a ciki. Minzifa ta ɗauki ɗankwalinta ta ɗaura.

"Gawayin ne ya jiƙe, Safargali," ta ce. "Tsoro kuma ya sa na yi gaggawa. Bari in mayar da shi ya ƙarasa."

"Ki mayar? Ruwan da ya huce za ki sake ɗora mini? Zubar da shi. Ɗebo sabo daga rijiya."

Da bakinsa ya ba mu lokacin. Minzifa ta ɗauki guga ta nufi rijiya tana tangaɗi, ni kuma ya ce in kawo masa abin ci. Na ajiye masa burodi da kindirmo, raina yana tafasa fiye da kowane samowar. Daga cikin ƙauye ana jin ihun mata, da karyewar katako, da harbi jefi-jefi. Shi ko a jikinsa. Yana tauna yana ba ni labarin yadda maigidansa na Ufa yake gane gonar da ganye ya fito da sansanawa kawai, da yadda ya taɓa fasa masa baki don ya bar buta ba a ɗumama ba.

"Duka ne ya koya mini shayi," ya ce. "Ba abin da ke shiga kan mutum kamar duka. Ke ce ƙanwar, ko? Wadda mijinta ya mutu?"

"Ni ce."

"Ya huta."

Na fita zaure da sunan ɗauko cokali, don in na tsaya zan soka masa wuƙar burodi. Na tarar da Minzifa tsaye a kan samowar, ta juya masa kunnen dama. Yana cikin murya ta biyu, shuuu. Lokacin ke nan. Idanunta a rufe, butar a hannunta da sabon ganye a ciki, ta matse ta a ƙirji, fuskarta kamar ta wadda ake cire wa haƙori. Ta bar lokacin ya wuce. Ruwan ya shiga gurnani, murfi yana rawa, tururi yana feshi, ita kuwa tana ƙara masa gawayi.

"Yaya, kashe ki zai yi," na ce. "A kan Zufar? Zufar fa!"

"Kin ji ƙarfe?"

"Ban ji ba."

"To koma ciki."

Da ta kawo na biyun, launinsa ya yi kyau, ja mai duhu. Har na fara sa rai ba zai gane ba. Ya tsiyaya a faranti, ya ɗaga da yatsu, ya hura, ya ciji sukari ya kurɓa. Ya riƙe shi a baki. Ya haɗiye. Ya ajiye farantin a hankali, ya zuba mata ido.

"Mataccen ruwa," ya ce. "Ɗanɗanon tagulla kawai."

Bulalarsa tana kan tebur, irin mai dalma a gindi. Ban ga lokacin da ya ɗauke ta ba. Da gindin ya kai mata a kunnen dama, ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ta faɗi a kan benci, benci ya kife da ita. Da ta ɗago, jini yana fitowa daga cikin kunnen, siriri, yana bin wuyanta yana shiga riga. Na zage shi, na zagi uwarsa da kakarsa, na ce Allah ya sa ya mutu ba mai ba shi ruwa. Yarulla ya shaƙe ni ta baya har na ga duhu.

"Sake ta," in ji Safargali. "Ina tunani." Ya zagaya teburin, ya tsaya a bayan Minzifa da ke durƙushe. "Ruwa ba ya tsami banza. Matar da ke jin samowar daga bakin rijiya ba ta kuskure sau biyu a safiya ɗaya. Lokaci kike ci mini, Yaya Minzifa. Tambayar ita ce, me kike jira? Yana gidan nan ne, kina so in gaji in tafi? Ko wani wuri yake rarrafawa?"

Ba ta juyo ba.

"Da ke nake magana!"

Ba ta juyo ba. Ba taurin kai ba ne, na san taurin kanta, kafaɗarta takan ɗaga. Wannan karon hannu take sawa a kunne tana duba jinin, tana girgiza kai kamar wadda ruwa ya shige wa. Ya yi tsawa a bayanta har tagogi suka amsa, ko gezau ba ta yi ba. A nan na gane ba ta jin kome, kunnen ya tafi.

Shi bai gane ba, ya ɗauka raini ne. Ya fizgo ta ya tsayar. Ya sa Yarulla ya zubar da ruwan, ya cika samowar da sabo, ya ɗebo jan garwashi daga murhu ya zuba, ya ɗauko shi ɗungurungum ya girke a kan tebur. Safargali ya juye gwangwaninsa a buta, ya bubbuga gindinsa har ƙurar ƙarshe ta faɗa.

"Wannan ne na ƙarshe," ya ce yana nuna mata butar da famfon. "A gabana zai yi. Ni ma ina da kunne. In ya yi fari ki juye, in sha, in kife kofina, in je in nemo mijinki. In kika bar shi ya wuce, hannunki zai sha abin da kika hana ni."

Ko ba ta ji ba, ta ga yatsansa, ta fahimta. Muka tsaya mu huɗu muna kallon tukunyar tagulla kamar masu jiran hukunci. Ina kasa kunne waje, kogi kawai nake ji yana niƙa ƙanƙara. A raina ina ta zagin Baba Hismat da tsufansa, ina zagin dawakai, ina zagin Zufar da ranar da aka haife shi.

Waƙar sauro ta fara. Ta yi tsawo, ta yi kauri. Sai ta sauya, shuuu. Ni da na yi shekaru ina cewa duk ƙara ɗaya ce, ranar na ji ta sarai, kamar an kira sunana. Minzifa ta sunkuya ta kai kunnen dama kusa da tagullar. Ta juya ta kai na hagu. Ta sake juyawa. Sai ta ɗago ta dube ni, kuma tun safe sai a lokacin na ga tsoro a idonta.

Na gyaɗa mata kai. Na nuna mata famfo da ido, na motsa baki: juye. Hannun yayata na zaɓa a kan ran Zufar, kuma ko yau aka sake haka zan zaɓa. Ta gane abin da nake nufi. Ta dubi butar, ta dubi taga ta wajen kogi, sannan ta mayar da hannuwanta baya ta harɗe su.

Samowar ya shiga gurnani.

Safargali ya damƙo hannunta na dama ya murɗo shi, ya danna shi a ƙarƙashin famfo, ya buɗe. Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Tururi ya turnuƙe teburin. Ban san lokacin da na ɗauki awartakin gawayi ba, na dai ji shi ya sauka a wuyan hannunsa, na ji ƙashi ya amsa. Ya yi ƙara amma bai sake ta ba. Yarulla ya juyo da gindin bindiga ya same ni a baki, na faɗi ƙasa, haƙorana na gaba suna yawo a kan harshena.

Ina kwance, bakina cike da jini, sai na ji shi. Daga nesa, ta ƙetaren ruwa. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Baba Hismat yana dukan ƙarfen nan kamar zai raba shi biyu.

Yarulla ya sandare. Safargali ya ɗaga kai. Ya sha jin wannan ƙara a zamanin da yake rako akwatuna, ya san ma'anarta sarai. Ya saki hannun. Ɗakin ya yi tsit, in ban da ruwan da ke zuba a ƙasa, da muryar mutum ɗaya.

"Bari in hura wani, Safargali," Minzifa take cewa, da ƙarfi, muryarta a karkace, ta rungume hannun da fatarsa ke saɓulewa. "Wannan ruwan bai yi ba. Laifina ne. Zauna, kada ka tashi, ba ka kife kofi ba. Bari in ɗebo sabo, yanzun nan, zauna..."

Ƙarfe yana ta kuka a ƙetare, ita tana ta roƙonsa ya zauna.

Ya dube ta, ya dubi kofinsa da ke tsaye a kan faranti ba kome a ciki. Ya ɗauke shi ya maka da bango. Ya hankaɗe samowar daga kan tebur, ya fita da gudu yana riƙe da wuyan hannunsa yana kiran mutanensa, Yarulla a bayansa. Jim kaɗan muka ji harbi daga kwata, ratata, ba ƙaƙƙautawa. Ni na ji, ita ba ta ji ba. Ta durƙusa tana tattara garwashin da ya watse da hannun hagu, wai za ta sake hurawa.

Na rarrafa na riƙe ta. Na yi mata ihu a kunne, "Sun haye! Yaya, sun haye!" Jini kawai na fesa mata a kumatu. Ta ture ni tana cewa in kawo guga. Sai na ɗauki ludayi da tiren tagulla, na ɗaga su daidai fuskarta, na doki tiren, na sake doka, na nuna mata wajen kogi. Ta tsaya tana kallon ludayin. Bakinta ya buɗe. Ta zauna daɓas a cikin ruwan da ya malale, ta saki garwashin.

"Da ƙarfi ya buga?" ta tambaye ni.

Na gyaɗa kai.

"Na ce masa da ƙarfi," ta ce.

Na ja ta ta ƙofar baya muka gangara kwarin da ke bayan gida, inda sauran ƙanƙara ba ta narke ba, na tura hannunta a ciki. Muna can a ɓoye cikin itatuwa suka dawo daga kwata, harsashinsu ya tafi a banza, suka cinna wa gidan wuta. Mun ga hayaƙin. Bayan sun tafi na tono samowar daga toka, ya loɓa a gefe ɗaya, ya yi baƙi ƙirin, amma bai huje ba. Safargali kuwa bai ga kaka ba, wasu masu bindigar da suka fi shi yawa suka gama da shi a wani daji. Ban yi masa addu'a ba.

An yi huɗa a ƙauyenmu a shekarar, a makare, da dawakan da suka dawo tare da Zufar bayan ƙura ta lafa. Ranar da ya shigo rumfar da muka kafa a kan tokar gidan, ya ga hannun Minzifa, yatsu uku sun manne da juna, ya kira sunanta daga baya ba ta juyo ba, sai ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro. Na bar shi ya yi, don ya cancanta.

Kada wani ya ce muku ya sauya. Har gobe ba ya faskare, har gobe labarin dawaki yake ba matafiya, yanzu ma da ƙari, don dawakan da ya kwance suna ƙaruwa duk shekara. Aiki ɗaya ya ɗauka, kuma ba ya yarda ni in taɓa. In an hura samowar sai ya yanke hira ko a tsakiyar magana take, ya jawo kujera kusa, ya karkata kai. Minzifa na tsaye da buta a hannun hagu, ta ba shi baya. In ya ji murya ta biyu sai ya taɓa kafaɗarta, ta murɗa famfo.

Jiya ma haka aka yi, ina zaune ina kallonsu. Ya taɓa ta, ta juye, ta jira ya jiƙu, ta tsiyaya a faranti ta kurɓa. Ta juya shi a baki.

"Ka makara!" ta ce, da muryar nan tata da ake ji har kwata.

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta shanye, ta miƙa masa kofin ya ƙara mata.